Kiɗan Malam Isiyaku a Gonar Gero

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Jiya ina zaune a ƙofar shagon nan ina fama da wata tsohuwar amfilifaya, na ji ɗayanku yana cewa wai ɗaukar sauti ba sana'a ba ce, danna jan maɓalli ne kawai. Ban tanka ba, don da na tanka a lokacin, zagi zan yi. Yau na huce. Ku kun san ni da Habu Injiniya, mai gyaran lasifika a Rijiyar Zaki, amma kafin in zama mai gyaran tarkacen mutane, ni mai ɗaukar sauti ne, ɗan wani ƙauye a bayan Tofa. A cikin duk abin da na ɗauka a rayuwata, aiki ɗaya ne nake ɗaga kai in ce nawa ne. Faifai uku ne na tef, babu kwafinsu a ko'ina, kuma amanarsu aka ba ni. Zan gaya muku yadda na yi da amanar, amma sai kun fara jin yadda ake koyon abin.

Aikina na farko a gidan rediyon da na yi koyo a birni shi ne naɗe waya. Ubangidana Oga Bala gajere ne, mai saurin hannu, in ka naɗe waya ta murɗe sai ka ji ta a ƙeyarka. Na shekara ban taɓa maɓallin rakoda ba. In naɗe waya, in ɗauki sandar makirfo, in goge kan rakoda da auduga da sifirit. Ran nan ya tura ni ɗakin ɗaukar sauti ba kowa a ciki, ya rufe ƙofa, can ya buɗe ya ce, "Me ka ji?" Na ce, "Ba komai, Oga." Ya ce, "Koma." Sau uku muna haka. A na huɗu na fito na ce masa doguwar fitilar nan tana ƙugi, agogon bango yana tafiya, akwai ƙadangare a saman silin, cikina kuma yana kukan yunwa. Ya ce, "Yau ka fara aiki." Ya ba ni kuɗin ƙosai.

Rakodarmu mai faifai biyu ce, nauyinta sai mutum biyu. Tef ɗin ruwan ƙasa ne, siriri, yana warwarewa daga wannan faifai yana naɗewa a wancan. Kayan aikina reza ce, da farin fensir, da wani ɗan salatif na haɗi. In mai wa'azi ya yi tari a tsakiyar magana, sai in riƙa juya faifan da hannu, gaba, baya, har in ji daidai inda tarin ya fara, in yi alama, in yanke, in haɗa. In rezar ta zarce, ka cinye wa mutum kalma har abada. Ba irin taku ba ce da za ku shafa da ɗan yatsa abu ya dawo. Masu kawo aiki kuwa, Allah ya shirye su. Mawaƙin biki, ɗan siyasa, mai tallan maganin basir, duk buƙatarsu ɗaya ce: "Injiniya, ƙara mini murya." Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce in rage.

Sai Malam Isiyaku. Malamin kiɗa ne a wata kwaleji, ya yi karatu a ƙasar waje, dogo, siriri, kullum aljihunsa da fensir. Ya same ni da wasu takardu cike da layuka da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda, ya ce kiɗa ne ya rubuta, guda biyu, yana so a ɗauka. Ɗaya sunansa simfoni, ɗaya kwancato. Na ce, "Malam, ka yi mini da Hausa." Ya yi dariya ya ce simfoni kamar aikin gayya ne, kowa da kuyyarsa, ba wanda ya fi wani. Kwancato kuwa mutum ɗaya ne a gaba da abin kiɗansa, sauran duka 'yan amshi, wani lokaci su bi shi, wani lokaci su yi gardama da shi. Na ce to wa zai rera waƙar? Ya ce babu waƙa. Na ce a raina, wannan bawan Allah karatu ya taɓa shi.

Makaɗa talatin da wani abu ya tara, kuma tara su kaɗai ya ci masa shekara biyu. Masu gogen Turawa, wato biyolin, da manyansu da ake jinginawa tsakanin ƙafafu, yawancinsu 'yan coci ne daga Sabon Gari. Masu busa 'yan badujala ne da ya roƙo aro. Sauran ɗalibansa ne. Wanda zai tsaya a gaba a kwancaton kuwa ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Wani tsoho ne daga wajen Rimin Gado, Baba Mati, mai goge irin namu, na ƙwarya da fatar guza da izgar doki. Bai san harafi ɗaya ba. Malam Isiyaku ya rubuta wa kowa nasa, amma gurbin Baba Mati a takarda farin fili ne, sai abin da Allah ya kawo masa a ka.

A babban ɗakin taron kwalejin muka yi aikin, rufin kwano, ana tsakiyar bazara. Na sa aka kashe fanka, aka rufe tagogi, aka ja janareta can bayan filin ƙwallo da doguwar waya. Mutane suna wanka da gumi suna hararata. Makirfo huɗu gare ni kacal. Na ɗaga biyu sama a gaba, ɗaya a baya wajen masu busa, na bar ɗaya don goge. Na yi wuni guda ina matsar da su taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya, don in ka kusanta da yawa sai ka ji mutum ɗaya, in ka nisanta sai ka ji ɗaki. Simfonin mun ɗauke shi gunduwa-gunduwa cikin kwana biyu, na harhaɗa da reza, ya cika faifai biyu. Wanda duk ya nuna mini inda na yi haɗi a ciki, na ba shi rigar wuyana.

Kwancaton ne ya kusa kashe mu. Baba Mati ba ya maimaita abu sau biyu, don haka babu yanka, babu haɗi, sai dai a tafi daga farko har ƙarshe. Da farko muryar gogensa ta ƙi daidaita da ta biyolin. Wani ya ce tsoho ya gyara nasa. Malam Isiyaku ya ce a'a, su talatin ɗin su gyara nasu su bi tsoho. Sannan ga ƙafa. Baba Mati yana kiɗa yana buga dunduniya a daɓen katako, allurar awon sauti ta rakodata tana tsalle. Na shimfiɗa masa bargo, ya ture ya ce, "Yaro, in ban ji ƙasa ba hannuna ba ya tafiya." Na fita na ɗebo yashi a faranti na tura masa ƙarƙashin ƙafa. Ya taka, ya jinjina kai, ya ce, "Kai ɗan manomi ne." Ya fitar da gogen rana fatar ta ɗaure, ya goga wa izgar ƙaro, muka yi sallar la'asar, muka dawo.

Abin da aka yi a ɗakin nan bayan la'asar, ni ba ni da bakin faɗarsa. Akwai wani wuri a tsakiya da kowa ya yi tsit, gogen ya rage shi kaɗai yana kuka ƙasa-ƙasa, sannan manyan gogen nan suka shigo ta ƙarƙashinsa a hankali suka tallafe shi. Idona yana kan allura, hannuna yana kan maɓalli, ina tsoron ko numfashina ya shiga. Na hangi wani sajan na badujala, ƙato, ya ɗora abin busarsa a cinya hawaye yana bin gemunsa. Da aka gama ba wanda ya motsa. Na bar tef ya ci gaba da tafiya har sautin ya mutu a rufin ɗaki, sannan na tsayar. Baba Mati ne ya fara magana. Ya ce, "To, a ba ni goro."

Kun zaci daga nan sai ɗaukaka ko? Ina! Na yi wa Malam Isiyaku kwafi a kaset, ya yi ta yawo da shi ofis-ofis. A gidan rediyo aka ce ya yi tsawo, kuma kiɗa ba waƙa wa zai saurara. Masu kaset na kasuwa suka ce ba a rawa da shi. Wani babban mutum ya saurara har ya yi barci, ya farka ya ce madalla. Kaset ɗin ya yi ta shiga rediyon motoci har wata ta tauna shi. Ranar da Malam ya kawo mini faifan nan uku a cikin kwalayensu, ya ce, "Habu, gidan kwaleji ba nawa ba ne, kuma yana yoyo. Kai ka san yadda ake ajiyar tef. Ka riƙe mini har ranar da za a sami masu kunne." Na karɓa da hannu biyu na ce, "Malam, in dai ina numfashi." Baba Mati ya rasu ba da jimawa ba. Malam Isiyaku ya bi shi bayan wasu shekaru. Zamanin faifai ya wuce, aka sallame mu, na buɗe shagon nan.

Faifan nan uku kuwa na kai su ƙauye, don a nan ɗakin haya nake. Na naɗe su da tsohon zane, na sa a akwatin ƙarfe, na ɗora a kan bulo a ɗakina na gidanmu, inda ba zafi ba laima. Ajiya dai ta yi. Kuskurena biyu ne, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu zai gane su. Na farko, ban sa kwaɗo ba. Na taɓa sayowa, Inna tana da rai, ta gan shi a hannuna ta ce, "Habu, wa kake tsoro a gidan nan?" Na mayar da shi aljihu. A gidan gandu, wanda ya kulle akwati ya kira 'yan'uwansa ɓarayi. Na biyu, ban gaya wa kowa abin da ke ciki ba. Gidanmu gidan malamai ne, mahaifinmu shi ke jan salla a unguwa, ba a ambaton goge a tsakar gidanmu. Yayana Sale, wanda ke riƙe da gona da gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya san ina aikin rediyo, iyakar saninsa ke nan. Kunya ta hana ni ce masa, Yaya, abin da na fi so a duniya yana cikin akwatin nan.

Akwai na uku ma, shi ya fi ci mini rai. Lokacin da gidan rediyo ya zubar da tsofaffin tef, na kwaso buhu guda na kai gida. Ni da hannuna na nuna wa Yaya Sale yadda ake kafa kara a gona a ja zaren tef daga wannan zuwa wancan. Rana ta haska shi yana walƙiya, iska ta kaɗa shi yana ƙugi, tsuntsu ba ya sauka. Ya ji daɗi ƙwarai. Na ce masa, "Yaya, duk sanda kake buƙata ka ɗiba, ba su da amfani."

Shekarar tsuntsaye, kun tuna ta, ba ta yi nisa ba. Jan-baki suka sauko wa gero yana tsaka da ƙosawa, mutane ba sa samun zama a tabarma da rana, mata da maza ana ta buga gwangwani a gona. Ni ina nan birni, na yi wata biyu ban leƙa gida ba, aikin lasifikar masallatai ya riƙe ni. Ran wata Alhamis mota ta tsaya a nan inda kuke zaune, wata mata ta fito da gilashi a ido ta yi sallama. Ta ce, "Baba Habu? Ni ce Rabi, 'yar Malam Isiyaku." Tun kafin ta faɗa na ga tsayin uban. Ta ce ta sha wuya kafin ta same ni. Takardun kiɗan mahaifinta gara ta cinye su a kwali tun da aka tashe su daga gidan kwaleji. Ta sami wasu mutane da za su juye tef zuwa na'urar zamani, a fitar da shi duniya ta ji. Ta ce tana 'yar ƙarama aka yi aikin, ita ba ta taɓa jin kiɗan ba ko sau ɗaya. Sai ta ce, "Faifan suna nan?" Na bugi ƙirji na ce, "Hajiya, suna nan kamar jiya aka ɗauka."

Ran Asabar da hantsi muka tafi a motarta. Duk hanya ina ba ta labarin farantin yashi tana dariya. Muka shiga gida, aka gaisa, aka kawo mata ruwa. Na shiga ɗaki na buɗe akwati. Zanen yana nan a ninke, kwalaye uku suna nan a jere. Da na ɗaga na farko na ji ba nauyi. Faifan yana ciki, wayam, ba zare ko taku ɗaya. Na biyu haka, na uku haka. Na fito tsakar gida da su a hannu, matar Yaya ta dube ni ta ce, "Au, zaren? Ai yana gona. Na buhun ya ƙare tun tuni."

Ban san yadda na isa gonar ba, na dai san Hajiya Rabi tana bayana da takalmin birni tana tuntuɓe a kunyoyin gona. Kafin mu gan shi muka ji shi. Wani ƙugi siriri, yana hawa yana sauka da iska. Muka fito daga cikin dawar maƙwabci, sai ga geron Yaya Sale a tsaye, zangarniya cike, ga zare ruwan ƙasa an ja shi daga kara zuwa kara, tsaye da kwance, gona guda. Na kama wanda ke kusa da ni na murza. Ruwan ƙasan ya fita ya manne mini a yatsa, ya bar leda fara. Wannan garin da ya manne mini a yatsa, shi ne sautin.

Yaya Sale ya taho daga can ƙarshen gona da fara'arsa. Ya ce, "Habu! Allah ya yi maka albarka. Wannan na akwatin ya fi na buhu nesa ba kusa ba, ba ya tsinkewa. Dubi gonar su Malam Audu, kara kawai tsuntsu ya bar musu. Mu kuwa ka gani."

Na ce, "Yaya, kwana nawa?"

"Sati uku ke nan. Ruwa huɗu ya sha bai yi komai ba." Sai ya lura da fuskata, ya lura da baƙuwar. "Lafiya?"

A nan, a tsakiyar gona, ina da furfura yana da furfura, na gaya masa abin da ya kamata in gaya masa tun muna da ƙarfi. Ya saurara har na gama. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Habu, don me ba ka faɗa ba? Ko gogen ne, ai amana ce." Ya juya wajen Hajiya Rabi ya durƙusa a kan ƙasa, tsoho da shi, ya ce, "Hajiya, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Na ga yara za su rasa abinci ne." Ta ce, "Baba, don Allah ka tashi." Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce, "Wanne ne na gogen?" Na duba gabas na duba yamma, duk zare iri ɗaya. Na ce ban sani ba. Ta karkata kai tana sauraron ƙugin nan.

Mu uku muka kwance shi, muka cika buhu. Na dawo da shi shagon nan. Rakodata ta yi shekaru a mace, bel ɗinta ya tsinke, kullum ina cewa in na samo wani zan juye faifan Malam in huta. Kwana biyu kacal na yi na tashe ta da robar tayar keke. Ashe ba gagara ta yi ba, ni ne na yi ta cewa gobe. Na yi wata guda da reza da salatif, ina gogewa, ina haɗawa, ina saurare. Shuuu, shuuu, shi ke nan abin da ke fita. Wuri ɗaya ne ya tsira, inda Yaya ya nannaɗe bakin zaren a jikin kara kafin ya ƙulla, na ciki bai ga rana ba. Tsawonsa bai fi kamu shida ba. Na kira Hajiya Rabi, ta zauna a kan bencin nan, na sa mata abin sauraro a kunne ɗaya, ni na riƙe ɗayan.

Farkon faifan kwancaton ne. Ana jin ɗakin, kujera ta yi ƙara, wani ya gyara zama. Sai muryar Malam Isiyaku, tar, kamar yana tsaye a ƙofar shago: "Habu, yana ɗauka?" Sai tawa muryar, ta saurayi mai ji da kansa: "Yana ɗauka, Malam. Ba abin da zai ɓace." Sai Baba Mati ya ja numfashi, izga ta taɓa izga, gogen ya buɗe baki. Sai shuuu.

Ta ce in sake. Na sake. Sau bakwai na mayar mata. Ta ce, "Na gode, Baba Habu, na ji muryarsa," ta tafi da ɗan guntun a cikin ambulan. Ba ta sake dawowa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Geron kuwa ya yi albarka, rumbu ya cika, gidanmu bai sayi hatsi ba a shekarar da maƙwabta suka sayar da awakinsu. Duk zuwana gida tuwonsa ake kawo mini, kuma ina ci, don yunwa ba ruwanta. Yaya Sale bai ƙara kallon idona sosai ba har yau. Makaɗan nan sun watse, waɗanda na sani duk sun mutu. Kiɗan yanzu a wuri ɗaya ya rage, a cikin kaina, kunnena na hagu kuma ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Kada ma ku ce in rera muku, na gwada ni kaɗai, baki ɗaya ba ya yin aikin mutum talatin. Ku ɗauki wayoyinku. Kai mai jar hula, miƙo mini abin narka darmar can, mai amfilifayar nan da azahar zai zo.